Daɓen Katako a Ɗakin Ummi

Mardiyya na zaune gindin dogon yaro tana tsefe wa ɗiyarta Ummi kai, sai ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Mota ɗaya ce ke shigowa lungunsu na masu lambu, kuma ta san wadda ke ciki.

Hajiya Balaraba ta yi sallama, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ita ce mahaifiyar Usman, mijin Mardiyya da ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Ɗan Isa shekara biyu da suka wuce. Ummi ta kufce da gudu ta faɗa jikin kakarta.

"A hankali, kar ki jawo mana ciwo," Hajiya ta ce, tana mammatsa ƙafafun yarinyar. "Ta sha magani?"

"Ta sha, Hajiya. Ina wuni?"

"Lafiya. Ɗauko gyalenki. Katako ya iso, za ki je ki zaɓa."

"Wane katako, Hajiya?"

"Na daɓen gidan Abdurrahman mana. Ke za ki taka shi, ke ya kamata ki zaɓa."

Mardiyya ta sunkuyar da kai tana juya matsefi a hannunta.

Abdurrahman ƙanen marigayi ne, mai manyan motocin da ke jigila tsakanin Maraɗi da Katsina. Tun da ta fita takaba Hajiya ta kafa magana ɗaya: ƙane ya maye gurbin wa, yarinya ta tashi cikin dangin ubanta. In kuwa Mardiyya ta ga dama ta auri bare, ba wanda zai hana ta, amma Ummi ba za ta bi ta agolanci ba. Uwar Mardiyya ta daɗe da rasuwa, sunanta ma aka sa wa yarinyar, Halima, shi ya sa ake ce mata Ummi. Ba kakar wajen uwa, saboda haka riƙo na Hajiya ne. Kowa a Madarumfa ya san da haka.

Ga kuma ciwon. Ummi da sikila aka haife ta. Sanyi kaɗan ya taɓa ƙashinta, sai a kwana ana kuka.

"Hajiya, ai ban ba da amsa ba tukuna," Mardiyya ta ce a hankali.

"Na ce ki ba da amsa? Katako na ce."

Mahaifinta, Malam Mamman, yana zaure yana ware irin albasa. Ya ji komai. Da ta zo wucewa ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Je ki, Mardiyya. Duba katako ba ɗaurin aure ba ne."

Ta so ta ce mashi a wajen Hajiya duk ɗaya ne. Ta haɗiye maganar, ta kama hannun Ummi.

Gidan Abdurrahman yana bayan gari, kan tudun da ke kallon tabki. An gama fenti, an sa ƙofofi da tagogi, ƙasa ce kawai ta rage, siminti tsirara. Abdurrahman ya tarbe su a bakin get cikin farar shadda, fuskarsa cike da fara'a. Ya ɗaga Ummi sama ya sauke.

"Madam, yau dai kin tako," ya ce wa Mardiyya. Haka yake kiranta tun tana matar wansa, don koyarwa take yi a lakwal, makarantar boko.

"An sa ni na tako," ta ce.

Ya yi kamar bai ji ba.

"Da karo, wato tayil, na yi niyyar sawa, kamar kowa," ya ce yana gaba suna biye. "Sai likitan Ummi na Maraɗi ya ce mani karo sanyi gare shi, yarinya irinta ba ta zama a kai da ɗari. Na ce to, me ba shi da sanyi? Na taɓa kwana wani masauki a Lome, na taka daɓen katako da asuba ba takalmi, ban ji komai ba. Shi ne na sa aka yo mani oda daga kudancin Najeriya. Ina so a gama kafin sanyi ya shigo."

Mardiyya ta kawar da kai. Da mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi.

Falon cike yake da falankai, an jera su hawa-hawa, an sa ƴan sanduna tsakani don iska ta ratsa. Ƙamshin sabon katako ya cika ko'ina. Can kusurwa wani mutum na durƙushe ya ba su baya, yana ɗora ma'auni a kan siminti.

Tun daga ƙeya ta gane shi.

"Ga mai aikin," Abdurrahman ya ce. "Duk yankin nan shi kaɗai ya taɓa yin irinsa, a Yamai ya koya. Malam Yahaya, ga masu zaɓe sun iso."

Yahaya ya juyo da murmushin gaisuwa. Murmushin ya tsaya a rabi.

Kusan shekara ke nan Yahaya kafinta yana zuwa zance wajen Mardiyya, a natse, da sanin Malam Mamman kaɗai. Sun yi magana in an gama girbi zai turo manyansa. Ta gaya mashi dangin marigayi na matsa mata, amma ba ta taɓa faɗa mashi sunan wanda ake so ta aura ba. Kullum cewa take gobe za ta faɗa. Shi kuma ya ce mata ya samu babban aiki a gidan wani ango, bai san ko wace ce amaryar ba.

"Gaishe ta da kyau," Hajiya ta ce, tana gyara zaman mayafinta. "Ita ce uwar gidan."

Ma'aunin ya zame daga hannun Yahaya ya bugi siminti.

"Sannu da zuwa," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba.

Kafin Mardiyya ta buɗe baki, Ummi ta saki hannunta ta ruga.

"Kawu Yahaya! Kawu Yahaya, kujerata ta karye ƙafa ɗaya, ka ce za ka gyara!"

Ta rungume wuyansa.

Hajiya ta dubi yarinyar, ta dubi kafintan, sannan ta juyo da kanta a hankali ta sauke idanu kan Mardiyya.

"Ashe an san juna."

"Ya taɓa yi mana aiki a lakwal, Hajiya. Bencin yara."

"Da kujerar Ummi."

"E."

"Hmm," in ji Hajiya. Ta miƙa hannu ta janye jikarta ta riƙe gam.

Abdurrahman ya yi gyaran murya. "Malam Yahaya, nuna masu."

Yahaya ya tashi kamar wanda aka ɗora wa buhu. Ya ɗauko guntaye uku da ya riga ya goge ya shafa wa mai, ya jera su a bakin taga inda haske yake. Bai kalle ta ba.

"Wannan ja ɗin maɗaci ne. Yana da kyau, yana da sauƙin aiki, amma in abu mai nauyi ya faɗo yana yi mashi tabo. Wannan mai zane-zanen madobiya ce. Wannan kuma mai ruwan zuma kawo ne. Ya fi su tauri, ya fi su wuyar yanka, amma gara ba ta cika damunsa ba, kuma ba ya yawan motsi da damina. Nan kusa da tabki ne, akwai laima."

"Ja ɗin ya fi kama da gidan amarya," Hajiya ta ce.

"Bari ta faɗa da bakinta, Hajiya," in ji Abdurrahman.

Mardiyya ta tsaya gaban guntayen nan uku, idanunta na yaji. Ta san duk wanda ta nuna, Hajiya za ta ɗauka ta amsa. In ta ƙi nunawa kuma, an gane dalili.

"Wanne ne ba ya fitar da sartse?" ta tambaya. "Ummi ba ta son takalmi."

A karon farko Yahaya ya ɗago ya dube ta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"In ni na goge, ba wanda zai soke ta," ya ce. "Amma kawo ya fi daɗewa sumul."

Ta ɗora yatsa a kan kawo.

"Alhamdu lillahi, ta zaɓa," Hajiya ta ce da ƙarfi. "Kai kafinta, yaushe za ka gama?"

"Sai katakon ya ƙara kwana biyu a ɗaki ya saba da iskar gidan, Hajiya. In aka kafa shi yanzu zai buɗe baki daga baya. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri saboda laima, a zuba maganin gara, a kafa sandunan ƙasa, sai a fara jera falankai."

"Ban tambaye ka karatu ba. Ka yi sauri dai. Ranar da ka kafa falankin ƙarshe, ranar za mu kai goro gidan Malam Mamman." Ta juya ga Mardiyya. "Kin ji ko? In da wata magana a bakinki, ki fito da ita kafin ranar. Ni dai tawa ba ta sake ba."

Tun daga ranar Yahaya ya daina ɗaga waya.

Ta kira da safe kafin ta shiga aji, ta kira da yamma, ta aika saƙo har ta gaji. Bai zo zance ba. Labarin aikin kuwa yana iso mata ko ba ta nema ba, don duk garin maganar ake. Mata a bakin famfo suna cewa Abdurrahman zai kwantar da amarya a kan katako kamar cikin jirgin ruwa. Masu amalanken da ke kwaso damman hatsi daga Safo sukan tsaya su leƙa ta taga. An gama falo, aka ce. An shiga babban ɗaki.

Kowace guduma da aka buga a gidan nan, a ƙirjinta take sauka.

Ta gwada ƙofa ɗaya da ta rage mata. Ta sa mahaifinta ya tambayi Abdurrahman ko ya yi gwajin jini, tunda ita tana ɗauke da irin ciwon, marigayi ma haka. Amsa ta dawo tun kafin la'asar: ya yi tun bara a Maraɗi, jininsa lafiya lau.

"Ni ban yi maki dole ba, kuma ba zan yi ba," Malam Mamman ya ce mata. "Ke ba yarinya ba ce. Amma ki sani, in Hajiya ta kai maganar gaban malamai, ba ni da abin cewa. Kuma ranar da ciwon ɗiyar nan ya tashi, kin san motar wa ke kai ta Maraɗi."

Ranar Laraba da aka tashi lakwal da rana, ba ta nufi gida ba. Ta hau babur ɗin kabu-kabu ta ce a kai ta bayan gari.

Get a buɗe yake. Ta cire takalmi a bakin falo, ta taka. Daɓen ya kwanta sumul, ruwan zuma, layi bayan layi, ba inda ya ɗaga. Da ɗumi a tafin ƙafa, kamar yadda aka faɗa. Ta ji haushin kyansa.

Ƙarar guduma na fitowa daga ƙaramin ɗakin da ke kallon gabas. Ɗakin Ummi.

Yahaya na durƙushe shi kaɗai, abokan aikinsa sun tafi cin abinci. Ya cusa harshen falanki cikin tsagin na kusa da shi, ya kara guntun katako a gefe, yana bugawa a hankali har bakin ya haɗe. Abin da ya rage tsakaninsa da bango bai fi faɗin tabarma ba.

"Yahaya."

Gudumar ta tsaya a sama. Bai juyo ba.

"Bai kamata ki zo nan ba."

"Ka ƙi ɗaga wayata. Ina kake so in same ka?"

"Me zan ce maki in na ɗaga? In ce Allah ya sanya alheri?"

"Ban amsa masu ba! Wallahi ban amsa ba!"

Ya ajiye gudumar ya juyo. Ya rame, gemunsa duk garin katako.

"Kin bar ni na karɓi aikin nan, Mardiyya. Na zo da murnata na ce maki na samu gidan ango, kika ce Allah ya taimaka. Ina auna ɗakin nan ina cewa a raina, wata rana zan yi wa Mardiyya ko da rabin wannan. Ashe ɗakinki nake aunawa."

"Ban san gidansa ba ne. Ka ce gidan ango, ba ka faɗi suna ba."

"Ke ma ba ki faɗi suna ba."

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle. Ta zame jikin ƙofa ta durƙusa.

"Tsoro nake ji. Na san halinka. Na san ranar da ka ji ƙanen baban Ummi ne, ka ji za a raba ni da ita saboda kai, za ka ja baya. Ga shi kuwa ka ja."

Ya dubi hannuwansa.

"Na je wajen liman," ya ce can. "Na tambaye shi ba tare da na ambaci suna ba. Ya ce in uwa ta auri bare, riƙo ya koma ga kaka. Na je wajen wani a Maraɗi ko zan ji daban. Abu ɗaya ya faɗa mani. To in yi yaya? In aure ki, ki riƙa kwana kina juyi kina tunanin ko an lulluɓe ta? Ranar da ciwonta ya tashi ba kya kusa, da wane ido za ki kalle ni?"

"Sai ka yanke hukunci kai kaɗai."

"Ba hukunci ba ne."

"Hukunci ne! Hajiya ta yanke nata, Abdurrahman ya gina gida bai tambaye ni ba, kai ma ka yanke naka ka kashe waya. Ni fa? Ni ba mutum ba ce?" Ta share fuska da gefen gyale, wasu hawayen suka biyo. "Ka ma kasa jan aikin. Ko kwana kaɗan ka ƙara mani in yi tunani. Kullum sai in ji an ce ka gama wani ɗaki."

"Na yi niyya," ya ce, muryarsa ta karye. "Wallahi na yi niyya. Na ce zan ce katako bai bushe ba, zan ce injin ya lalace. Sai na tashi wata safiya na ji iska ta fara sanyi. Na tuna bara, yadda kika ce ta kwana tana cizon hannunki. Na kasa, Mardiyya. Ko wa zai zauna gidan nan, ita dai a ɗakin nan za ta kwana. Gobe zan gama. Jibi in koma Yamai."

"Ka tafi ka bar ni?"

"In zauna in ga ana kawo ki?"

"Ba inda za shi sai na sallame shi."

Su duka suka juya. Abdurrahman na tsaye a ƙofar falo, takalmansa a hannu. Ba su ji shigowarsa ba.

Mardiyya ta miƙe da sauri tana gyara gyale. Yahaya ma ya tashi.

"Alhaji, laifina ne, ba nata ba."

"Ba wanda ya yi maganar laifi." Abdurrahman ya shigo ya jingina da bango. Fara'ar nan tasa babu ita. "Na san da kai tun kafin in ba ka aikin nan. Direbobina suna ganin babur ɗinka a lungun masu lambu."

Mardiyya ta zuba mashi ido. "Ka sani? Ka sani ka kawo shi nan, ka kawo ni in tsaya gabansa in zaɓi katako?"

"Ba wani mai iya aikin sai shi." Ya dubi Yahaya. "Kuma na so ya gani da idonsa abin da zan iya yi wa Ummi. Na ce in mai hankali ne zai janye da kansa, ba sai an yi rigima ba."

"Kai ne ka yi wannan, Abdurrahman? Kai da nake zuba wa tuwo a kwanon yayanka?"

Ya kawar da kai. "Ni na ɗauko shi daga cikin motar nan, Madam. A kan cinyata ya cika. Bai ce komai ba sai sunan Ummi. Me kike so in yi? In bar ɗiyarsa ta tashi a gidan wani?"

"Sunan Ummi ya kira. Bai ce ka aure ni ba."

"To in na ce maki ba don shi kaɗai ba ne fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "In na ce ni ma ina so?"

Daga nesa ana jin masunta na kiran juna a bakin tabki.

Mardiyya ta ja numfashi. Ta daina kuka.

"To bari in faɗa maka gaskiya a gabansa, don kar wani ya ce an ɓoye mashi. Yahaya nake so. Kai ƙanena ne, haka na ɗauke ka tun ranar da aka kawo ni gidanku, kuma zuciyata ta ƙi sakewa. Amma ba zan iya kwana ɗaya ba Ummi ba. In kun ce sai na aure ka sannan in riƙe ɗiyata, zan aure ka. Zan shigo gidan nan, in dafa maka, in wanke maka, ba za ka taɓa jin na ɗaga maka murya ba. Amma kullum ka dube ni za ka san da me aka kawo ni. In za ka iya zama da haka, ku kai goron."

Abdurrahman ya dubi daɓen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya daɗe.

Wayar Mardiyya ta yi ƙara. Mahaifinta ne.

"Mardiyya, kina ina?" in ji tsohon. "Hajiya ta zo da mota ina lambu. Ta ɗauki Ummi da kayanta da magungunanta. Ta bar saƙo wajen maƙwabta, wai an ga kin nufi wajen kafinta, to ta sauƙaƙe maki."

Wayar ta suɓuce ta faɗi kan katakon. Mardiyya ta yi waje da gudu ba takalmi.

"Shiga mota!" Abdurrahman ya ƙwala mata kira. Ya waiwayo ya dubi Yahaya. "Kai ma taho."

Suka isa gidan Hajiya a tsakiyar gari. Yahaya ya tsaya a zaure, don ba shi da hurumin wucewa. Mardiyya ta kutsa ciki, Abdurrahman na bin ta.

Hajiya na zaune bakin gadonta, Ummi na kwance a cinyarta an lulluɓe ta da bargo, ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Jakar kayanta na gefe.

Abdurrahman ya cire hula ya durƙusa gaban uwarsa.

"Hajiya, ki yi mani aikin gafara. Na janye."

"Ka me?"

"Na janye maganar auren. Ba ta so na, kuma ba zan karɓi mace a bakin ɗiyarta ba. Gidan na Ummi ne, ko da wa uwarta ta zauna. Ki ba ta ɗiyarta."

Hajiya ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Kai ka janye. Kai da ka ga dama gobe ka auri wata ka haifi naka. Ni fa? Na binne ɗan farina, ko sunansa ban taɓa kira da bakina ba har ya tafi. Abin da ya bar mani ke nan a duniya." Ta ƙanƙame yarinyar, hawaye na bin kumatunta. "Sai in miƙa ta gidan wani ƙato, in riƙa aike ana ce mani ta yi barci? Ka janye naka. Ni ban janye ba."

"Hajiya..."

"Fita ka ba ni wuri!"

Ya tashi a sanyaye ya fita tsakar gida. Hajiya ta juyo ga Mardiyya.

"Ke kuma ga hanya nan. Kafintanki na zaure, na ji shigowarsa. Je ki aure shi, ba na riƙe ki."

Mardiyya ta waiwaya. Ta ƙofar ɗakin tana hango zaure, tana hango Yahaya tsaye, hannuwansa a sake, yana kallonta. Bai yi mata alamar ta zo ba, bai yi mata alamar ta zauna ba.

Ta juyo ta tako cikin ɗakin. Ta zauna a ƙasa gindin gadon, ta kama ƙafar Ummi da ta leƙo daga bargo, ta rufe ta da tafukanta biyu.

"Inda ta kwana nan zan kwana, Hajiya. Ba a matsayin matar kowa ba. In kin ga dama ki kira mutane su fitar da ni."

"Haka kika ce?"

"Haka na ce."

Hajiya ta zame yarinyar daga cinyarta ta kwantar a hankali. Ta miƙe, ta taka zuwa ƙofa. Ta dubi ɗanta a tsakar gida, ta dubi baƙon da ke zaure. Sannan ta turo ƙyauren, ta murza makulli ta ciki, ta zare shi ta ƙulle a bakin zanenta.

"To mu zauna," ta ce. "Mu ga wadda za ta fara gajiya."